Takardar Da Ta Dawo Da Maiƙo

Na yi waƙa a kan sunayen unguwannin Ankara,
baiti goma sha biyu.
Na buga ta a shagon Kwabena,
na ajiye kwafi bakwai a teburin Mumuni tela
tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai,
na koma gida na zauna
kamar masuncin da ya zuba taru yana jiran rana.

Kwana huɗu, ɗaya ta dawo,
man shito ya ɓata mata kusurwa.
Isaka karen mota ne ya kawo ta,
murya a dishe tun kiran asuba.
Ya ce, "Malam, jerin nan bai yi ba.
Wa ya taso daga Madina ya faɗa Tudu
bai ratsa Talatin da Bakwai ba?
Amma bari in gaya maka.
Sau ɗari nake kiransu a yini,
Nima-Mamobi, Nima-Mamobi,
har sun zame mini tari.
Ban san suna da daɗi ba
sai da na gan su kwance a takarda,
ba mai bin su canji, ba mai zagin uwar kowa."

Inna Fusaina mai shinkafa da wake
ba ta karatun boko.
Jikarta Salamatu ce ta karanta mata
tana tsaye bakin tukunya.
An wuce Shukura, an wuce Alajo, ludayi na aiki.
Da aka zo Fadama sai ludayin ya tsaya.
"Wacce?" in ji ta.
"Akwai wadda ruwa ya ci, akwai wadda aka kai mu.
Shi ya haɗa su a layi ɗaya
kamar shinkafa da tsakuwa.
Je ki ce masa a ta farkon aka binne cibiyata,
can kuma tabarmar uwata ta bi ruwa ta tafi teku.
Wanda ya raɗa sunan bai yi wa kowa ƙarya ba,
fadama ya gani, fadama ya ce.
Mu ne muka yi gini a kai."
Sannan ta ƙara wa Salamatu ƙwai
ta ce a sake karanto wurin.

Wani baƙo mai sarin atamfa daga Kano
ya karanta yana murmushi.
"Nimar nan taku mace ce ko namiji?
A baiti na uku ya kwana,
a na biyar ta tashi."
Mumuni bai cire allura daga baki ba ya amsa:
"Alhaji, nan zango ne.
Jaki ya sauke kaya, fatake sun sauke,
harshe ma ya sauke abin da ya yi masa nauyi a hanya."

Ni da na zaci za a yaba mini amsa-amo.
Ba wanda ya ko kula da shi.
Kowa yatsa yake sa wa a layi yana bi
kamar mai duba sakamakon jarrabawa,
in ya ga unguwarsu ya sauke ajiyar zuciya,
in bai gani ba ya nemi biro.

Jiya na ga kwafin ƙarshe a manne jikin bango.
Gefensa ya cika da hannun mutane:
Bakin Gota. Layin Masu Goro.
Bayan Masallacin da Ba a Gama Ba.
Wani yaro ya zana kibiya ya rubuta, gidanmu.
Ƙarƙashin Sabon Zango an sa da jan alƙalami:
ya girmi kakana, har yau sabo ne.

Na duba ƙasa inda na sa sunana.
An yage wurin.
Mumuni ya ce awon wandon wani ya rubuta a kai,
ƙugu talatin da huɗu, tsawo arba'in,
mai shi zai zo karɓa ran Asabar.